Wuta da Auduga, Elektaron da Haidurojin

A 'yan shekarun nan na sha jin wata magana daga bakin samarinmu da suka yi boko mai zurfi kuma suke kishin addini. Cewa suke yi kimiyyar mafi ƙanƙantar abubuwa, wadda ake kira kwantum, ta zo ta gaskata Imam Gazali. Wai tunda masana da kansu sun yarda ba za su iya faɗin abin da elektaron guda zai yi ba, ashe babu sababi ke nan, ikon Allah ne ke aiki kai tsaye, ga shi ɗakin gwaji ya ba da shaida. Da kyakkyawar niyya suke faɗi, wasunsu ma ɗalibaina ne. Amma ni ban yarda ba, kuma ba shakka a kan ikon Allah ce ta hana ni ba. Ina ganin maganar tana tauye tauhidi fiye da yadda take tauye kimiyya.

Ni malamin fiziks ne, a makarantar sakandare na yi yawancin aikina, kuma tun kafin boko ya yi nisa da ni na zauna a zaure na karanta ƙaramar aƙidar Sanusi a gaban malamin unguwarmu. Abin da na lura da shi, muddin ana maganar kwantum a dunƙule, kowa na iya ɗora mata kayan da yake so. Sai an ɗauki abu guda an tsura masa ido sannan gardama take samun wurin tsayawa. Na zaɓi karo mafi sauƙi da ake da shi tsakanin elektaron da molekul, wato elektaron mai ƙaramin gudu ya gamu da molekul ɗin haidurojin.

Haidurojin shi ne mafi sauƙin gini a cikin sinadarai. Ƙwayar zarrarsa furoton ɗaya ce da elektaron ɗaya. A cikin iskar gas ƙwayoyin ba sa zama ɗai-ɗai, bibbiyu suke haɗuwa, furoton biyu da elektaron biyu, kuma tazarar da ke tsakanin furoton biyun ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita ba. Wannan haɗin shi ne molekul. Yana da motsi iri biyu na kansa: ko ya yi juyi, ko furoton biyun su riƙa matsowa suna ja da baya, wanda zan kira karkarwa. Makamashin elektaron kuwa ana auna shi da ma'aunin da ake taƙaitawa eV, wato abin da elektaron ke samu idan bolt ɗaya ya ingiza shi. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Ƙaramin gudun ma a bakin masana ne, don elektaron mai eV ɗaya yana cin kusan kilomita 600 a daƙiƙa guda.

Furoton ya fi elektaron nauyi sau 1,836, molekul ɗin ke nan ya fi shi sama da sau 3,600. Idan bugu ne kurum na jiki da jiki, elektaron ba zai tsinana komai ba. Zai karkace ya wuce, abin da zai bari a jikin molekul a matsakaici wajen kashi ɗaya ne cikin 1,800 na makamashinsa. Akasarin karo haka yake ƙarewa. Amma akwai wata hanya ta biyu, inda molekul ke karɓar makamashin ya zuba shi cikin juyinsa ko karkarwarsa, kuma a nan ne abin mamaki na farko yake. Molekul ba ya karɓar ko nawa aka miƙa masa. Farashinsa a yanke yake. Matakin juyi mafi araha eV 0.044 ne. Matakin karkarwa na farko eV 0.516. Elektaron da ya zo da 0.5 yana neman karkarwa, amsar da zai samu ita ce wadda mai kaya ke ba wanda tayinsa bai kai ba: albarka. Ba a rage masa, ba a ba shi rabin karkarwa da rabin kuɗi, kuma ko elektaron dubu irinsa sun zo ɗaya bayan ɗaya ba a tara tayinsu a haɗa. Can sama, daga wajen eV 11, elektaron ɗin da ke cikin molekul ne da kansa ke hawa mataki, idan ya sauko ya fitar da hasken altarabayolet da ido ba ya gani. A eV 15.4 ana fizge shi gaba ɗaya.

James Franck da Gustav Hertz ne suka fara ganin irin wannan yankakken farashi, a Berlin, shekarar 1914, da tururin zaiba. Sun riƙa ƙara wa elektaron gudu sannu a hankali a cikin bututun gilashi, wutar da ke ratsawa tana ƙaruwa, sai da suka kai bolt 4.9 ta faɗi kwatsam, domin a daidai nan ne zaiba ta fara karɓa. Bayan shekara goma sha biyu, a 1926, Max Born a Gottingen ya zauna yana lissafin wannan al'amari na karon elektaron da ƙwayar zarra da sabon lissafin kwantum na Schrodinger. Mutane da yawa ba su san cewa daga nazarin karo ne maganar rashin tabbas ta shigo fiziks ba. Born ya ga lissafin ba ya gaya masa inda elektaron zai nufa bayan karo. Abin da yake gaya masa shi ne rabon kowace mafita, kaza cikin ɗari nan, kaza cikin ɗari can. A takardar tasa ya nuna shi kansa ya karkata ga barin ra'ayin cewa komai a ƙulle yake a duniyar zarra, amma ya ƙara da cewa wannan tambaya ce ta falsafa, hujjar fiziks ita kaɗai ba ta yanke ta. Ina so samarinmu su riƙe wannan ƙarin, don wanda ya kawo maganar ne ya yi shi. Einstein kuwa ya rubuto masa a ƙarshen shekarar cewa zuciyarsa ba ta yarda Mahalicci yana tafiyar da duniya da caca ba.

Mu koma ga haidurojin ɗinmu, mu ba elektaron eV 3. Yanzu tayinsa ya ninka farashin karkarwa kusan sau shida. A wannan gudun wani abu na faruwa da George Schulz da abokan aikinsa suka bi diddiginsa a Amurka cikin shekarun 1960. Elektaron yana iya maƙalewa a jikin molekul na ɗan lokaci, molekul ya zama mai elektaron uku. Zaman bai kai kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa ba, amma ya isa ɗaurin da ke tsakanin furoton biyun ya sassauta, su fara buɗewa. Sai baƙon ya fice, ɗaurin ya koma ya tsuke, ya bar su suna karkarwa. Ta haka abu marar nauyi ke girgiza abin da ya fi shi sau dubbai.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikin elektaron da suka yi karo a wannan gudu, wajen ɗaya cikin talatin ne kawai ke tayar da matakin farko na karkarwa. Wasu su tayar da juyi, mafi yawa su wuce ba su bar komai ba. Idan aka ƙara gudun zuwa wajen eV 3.75, wata mafita ta daban tana buɗewa: baƙon ya ƙi fita, molekul ya rabe biyu, ɓangare ɗaya ya tafi da elektaron biyu. Wannan kuwa wajen ɗaya cikin miliyan ne. Elektaron duka iri ɗaya ne, babu babba babu ƙarami, babu tsoho babu sabo. Molekul ma haka. Gudu ɗaya, yanayi ɗaya, amma sakamako ya sha bamban, kuma babu na'urar da za ta nuna maka tun da wuri wane ne zai zama na talatin ɗin.

Ba abin mamaki ba ne wanda ya karanta tauhidi ya ji wannan ya tuna Gazali. A littafinsa na rushe hujjojin masana falsafa, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen 1095, mas'ala ta 17 a kan sababi take, kuma misalinsa wuta ne da auduga. Abin da ido ke gani, a cewarsa, shi ne ƙonewa ta faru lokacin da wuta ta taɓa auduga. Ido bai ga cewa wuta ce ta aikata ba, kuma babu dole ta hankali da ta ɗaure biyun. Allah ne ke halittar ƙonewa a yayin haɗuwar, bisa al'adar da Ya gudanar. Wannan ra'ayi ya iso zaurukanmu musamman ta hannun Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A karatunsa ake raba hukunci gida uku, na shari'a, na hankali da na al'ada, kuma hukuncin al'ada shi ne haɗa abu da abu saboda maimaituwa, tare da yarda cewa haɗin yana iya saɓawa kuma ɗayan ba ya tasiri a kan ɗayan da kansa. Malaman wannan layi sukan kasa mutane kashi huɗu a kan wuta: mai cewa tana ƙonawa da ɗabi'arta, mai cewa da wani ƙarfi da aka sanya mata, mai cewa Allah ne ke ƙonawa amma haɗin ba ya taɓa saɓawa, da mai cewa Allah ne ke ƙonawa kuma haɗin yana iya saɓawa. Na ƙarshen suke ɗauka daidai.

"Yana iya saɓawa" ɗin nan shi samarinmu suka kama. Ga sababi ya cika, suka ce, ga elektaron da isasshen makamashi, amma sau ashirin da tara karkarwa ba ta zo ba. Me ya rage?

Na taɓa kai wa malamina na zaure wannan batu, lokacin tsufa ya riga ya kama shi. Na yi masa bayani gwargwadon iyawata, yana sauraro ido a lumshe. Da na gama ya ce, "Wannan ɗaya cikin talatin ɗin, idan an gwada ranar Litinin aka sake ranar Alhamis, yana canzawa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ya canzawa. Ko a Jamus aka gwada ko a Amurka, idan an yi awon da kyau, haka ake samu."

Ya ce, "To ai al'ada ba ta saɓa ba, ɗana. Al'adar ce haka."

A ganina ya gama maganar, shi da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Saɓawar da Gazali da Sanusi ke karewa ita ce keta al'ada, irin wadda ta faru da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da wuta ta ƙi ƙona shi. Ƙofar mu'ujiza suke tsaro. Ita kuwa mu'ujiza ba ta da rabo cikin ɗari, ba a jera ta a tebur, ba a lissafa ta daga nauyin elektaron da cajinsa. Rashin karkarwar nan sau ashirin da tara a cikin al'ada yake zaune, an ƙidaya shi, an san yawansa kafin a kunna na'ura. Abin da kwantum ya koya mana shi ne al'ada tana da siffar da magabata ba su gani ba: wani lokaci ba ta haɗa abu ɗaya da sakamako ɗaya, tana haɗa shi da tarin sakamako, kowanne da rabonsa tsayayye. Wannan ilimi ne sabo mai daraja. Amma wanda ya kira shi keta al'ada ya mayar da mu'ujiza abin da ke faruwa sau biliyoyi kowace daƙiƙa a cikin fitilar gilashi, kuma bai yi wa annabawa adalci ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Mai cewa "a nan, inda masana suka kasa faɗi, nan hannun Allah yake" ya sallama wani abu bai sani ba. Ya sallama cewa inda masana suka iya faɗi, hannun Allah ba ya nan, ko dai ya yi nisa. Ya bar wa kimiyya 0.516, ya riƙe wa Ubangiji ragowar da ba a sani ba. Aƙidar da na karanta a zaure ba haka ta ce ba. A wurin Ash'arawa, wato malaman layin Gazali da Sanusi, ƙonewar audugar da kowa ya san za ta ƙone halittar Allah ce kai tsaye, daidai da abin da babu wanda ya zata. Sanin bawa ko rashin saninsa ba ya ƙara wa ikon Allah kusanci, ba ya rage masa. Wani ɗalibina ya tambaye ni a aji, "Malam, to shi na talatin ɗin wa ya zaɓe shi?" Na ce masa wanda ya bar sauran ashirin da taran suka wuce, kuma wanda ya sa farashin ya tsaya a 0.516 bai tsaya a 0.6 ba. Idan tambayar tauhidi ce, amsarta ɗaya ce a duka ukun.

Ga kuma haɗari na zahiri. Imanin da aka kafa a kan giɓin ilimi yana jiran ranar da za a cike giɓin ne. Tun 1952 David Bohm ya nuna ana iya tsara lissafin kwantum ta yadda kowane elektaron yana da tabbatacciyar hanya, rashin tabbas ɗin ya koma rashin saninmu ga mafarinsa, kuma sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ya fito daidai da na sauran. Kuɗin da ake biya shi ne yarda cewa abubuwa masu nisa suna shafar juna nan take. John Bell ya nuna a 1964 cewa duk tsari irin wannan sai ya biya wannan kuɗin, gwaje-gwajen da suka biyo bayan aikinsa kuma su aka ba kyautar Nobel ta 2022. Yawancin masana ba su bi Bohm ba, amma ba a rushe shi ba. Yaron da aka gaya wa cewa hujjar ikon Allah ita ce elektaron ba shi da hanya, me zai yi ran da ya karanta Bohm? Gazali da kansa ya yi wannan gargaɗi a gabatarwar littafin nasa, da misalin husufin rana da wata: wanda ya ɗaure addini da jayayya a kan abin da lissafi ya tabbatar yana cutar da addinin fiye da maƙiyinsa.

Masu ɗaya gefen, masu cewa tunda caca ce babu mai tsarawa, ba zan daɗe a kansu ba. Rabon da ake fitarwa daga lissafi tun kafin gwaji, gwaji kuma ya zo ya same shi, ba shi ake kira hargitsi ba.

Wanda nake ganin an fi zalunta a wannan hira shi ne Ibnu Rushdi, alƙalin Kurɗuba, da ya rasu a 1198. Raddinsa ga Gazali shi ne, abubuwa ana sanin su ne da ayyukan da suka keɓanta da su, wanda ya cire sababi ya cire ilimi, har ma ya toshe hanyar gane hikimar Mahalicci. Haidurojin yana da abin faɗi a nan. Ɗauki rabewar nan ta ɗaya cikin miliyan. A 1978, a jami'ar Yale, Michael Allan da S. F. Wong suka zafafa gas ɗin don wasu molekul su riga su kasance cikin karkarwa kafin elektaron ya iso. Molekul ɗin da ke mataki na huɗu sai ya zama ya fi na kwance saurin rabewa sama da sau dubu goma. Dalilin a fili yake, furoton biyun sun riga sun buɗe, tafiyar da ta rage musu kaɗan ce kafin baƙon ya samu damar ficewa. Idan kuma aka canza haidurojin da ɗan'uwansa mai nauyi, diyuteriyom, rabewar tana raguwa fiye da sau ɗari, saboda masu nauyi ba sa buɗewa da sauri. Ruwa ba ya tsami banza. Har ila yau molekul ɗin haidurojin iri biyu ne, gwargwadon yadda furoton biyun suka daidaita da juna, kamar yadda Bonhoeffer da Harteck suka tabbatar a 1929, uku bisa ɗaya a zafin ɗaki. Iri ɗaya matakin juyinsa na farko 0.044, ɗayan 0.073, kuma bugun elektaron mai ƙaramin gudu ba ya mayar da wannan ya koma wancan. Kowane rabo yana da dalili, dalilin kuma a cikin yadda abin yake aka same shi. Ko ka kira wannan ɗabi'a kamar Ibnu Rushdi, ko ka kira shi al'ada kamar Sanusi, ba abu ne mai sako-sako ba. Inda Ibnu Rushdi zai sha mamaki shi ne, wannan ɗabi'ar ba ta tilasta wa elektaron guda komai. Tana hana abin da ta hana, tana yanke rabon abin da ta bari.

Idan ana neman abin da ke sa gabana ya faɗi don girman Allah a wannan fage, tsayuwar waɗannan alƙaluma ce. A 1979 kumbon Voyager 1 ya gano hasken altarabayolet a saman duniyar Mushtari, kusa da ƙuryarta. Elektaron masu tsananin gudu ne ke faɗowa cikin iskarta, wadda mafi yawanta haidurojin ce, suna fizgo wasu elektaron masu ƙaramin gudu, su kuma suna ɗaga molekul zuwa matakan nan na sama da eV 11. Masana suna karanta wannan haske da teburan da aka auna a ɗakunan gwaji na duniyarmu, kuma layukan hasken suna faɗawa daidai inda aka same su a nan. Bisa lissafin masu nazarin farkon halitta kuma, taurarin farko ba su samu kunnuwa ba sai da gas ya huce ya dunƙule. Ƙwayar haidurojin ita kaɗai ba ta iya sanyaya shi sosai, don matakinta na farko eV 10.2 ne, ya yi tsada. Molekul ne mai mataki mai araha. A lokacin kuwa babu ƙura da molekul zai haɗu a kanta kamar yadda yake yi a yau. Babbar hanyar ita ce ƙwaya ta kama wani elektaron da ya yi saura, ta gamu da wata ƙwayar, su haɗe, elektaron ya fice ya je ya sake wani auren. Wannan ita ce rabewar ɗaya cikin miliyan ɗin nan aka juya ta baya, ta cikin zaman nan na elektaron uku da Schulz ya bibiya. Al'adar da ta tsaya shekara sama da biliyan goma sha uku, daga can har zuwa bututun gilashin da ke kabad ɗin makarantarmu, ba a cewa da ita "al'ada ce kawai".

Kalmar "kawai" ɗin nan ce ke kai ni ga abin da ya fi shafar mu. Rashin sani iri biyu ne a wannan fage, kuma cakuɗa su shi ne ciwon. Akwai rashin sanin abin da elektaron guda zai yi. Akwai kuma rashin sanin rabon kansa, wanda aiki ne ke kawar da shi. Labarin wannan na biyu yana burge ni. A Kanbera ta Ostireliya, Robert Crompton ya shafe shekaru yana sakin tarin elektaron cikin gas ƙarƙashin ƙaramar wuta, yana auna saurin gangarawarsu da bazuwarsu da tsananin kula, daga nan ya ciro rabon juyi da na karkarwa. A Oklahoma ta Amurka, Michael Morrison yana lissafa abu ɗaya daga tushe. A kan juyi suka dace ƙwarai. A kan karkarwa, ɗan sama da 0.516, suka saɓa da tazara mai yawa, wadda ta fi ƙarfin kuskuren da kowannensu ya yarda zai iya yi. Babu wanda ya ce ai duniyar kwantum ce, ba a sanin komai tabbas. Suka haɗa kai, suka yi rubutu tare, kowa yana tone aikin ɗan'uwansa da nasa. A 1990 wasu a Kanberan, ƙarƙashin Stephen Buckman, suka sake awon ta wata hanya dabam, suka harba siririn layin elektaron ya ratsa siririn layin gas, sakamakonsu ya goyi bayan lissafi. Crompton da Morrison suka ci gaba da neman abin da ya sa hanyar farko ta ba da wani abu dabam. Shekaru aka kwashe a kan lamba guda ta molekul mafi sauƙi a duniya. Irin waɗannan lambobi ne masu gina na'urar ITER a Kadarash ta Faransa suke dogara da su wajen sanin halin haidurojin a gefen wutar da suke son killacewa.

Ni wannan aiki ina ganinsa ladabi ne ga al'adar Allah, ko mai yinsa ya ɗauke shi haka ko bai ɗauka ba. Wanda ya yi imani cewa Allah ne ya gudanar da al'ada shi ya fi cancanta ya auna ta da kyau. Mu kuwa sau da yawa muna ɗaukar rashin sani na biyu, wanda awo da kula za su kawar, mu sa masa rigar na farko. Gas ɗin girki ba ya kamawa sai ya kai wajen kashi 2 cikin ɗari na iskar ɗaki. Wannan ma farashi ne yankakke, an san shi, shi ya sa ake zuba wa gas wari don hanci ya ji tun kafin a kai can, shi ya sa ake cewa a buɗe taga, a duba tiyo. Idan tukunya ta fashe a kicin marar taga da tsohon tiyo, muna cewa ƙaddara, kuma gaskiya ne, babu abin da ke fita daga ƙaddara. Amma sau da yawa muna faɗin ta ne don a rufe bakin mai tambayar wa ya sayar da tiyon, wa ya gina kicin ɗin. Ina tsoron kada kwantum ya zama sabon bargon wannan hali a hannun 'yan boko, ya ba su kalmomin kimiyya da za su lulluɓe sakaci da su.

Na fara ganin alamarsa a aji. Wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya kawo mini sakamakon awon da na ba su na wutar lantarki da waya, lambobinsa a warwatse, babu biyu da suka yi kusa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, ai kai ka ce a fiziks na zamani ba a sanin komai tabbas." Na ce masa elektaron da ke ratsa wayarsa a daƙiƙa guda sun fi biliyan sau biliyan, a irin wannan yawa rabon kowace mafita ya zauna daram, allurar mita ba ta da dalilin rawa. Muka duba tare, ashe kan waya ɗaya ne bai ɗauru da kyau a jikin batir ba. Na ba shi sukuddireba ya ɗaure, na mayar da shi ya sake awon daga farko.